Daren da na kama bakina

Ranar da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen ƙwayoyin cuta, kafin a nuna mini inda zan rataye farar rigata sai da aka miƙo mini takarda na sa hannu. Abin da ke cikinta a taƙaice shi ne, duk abin da idona ya gani a nan, a nan zan bar shi: sunan mara lafiya, sakamakon gwajinsa, abin da ke cikin firji mai makulli biyu da ke ƙuryar ɗaki, har ma wanda ke riƙe da makullan. Na karɓi wannan doka hannu bibbiyu. Dama an taso da mu a kan cewa baki shi ke yanka wuya. Shekara biyu ina aikin ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai shirun da yake laifi ne ba.

Wata Litinin aka kawo jinin wani mutum. Takardar da likita ya cike ba ta ce komai ba sai "zazzaɓi mai daɗewa". Muka shuka jinin a farantin renon ƙwayoyin cuta, kwana uku shiru, ranar Alhamis wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka fito a faranti kamar raɓa. Ni da abokan aikina biyu muka yi ta jujjuya farantin a buɗe a kan tebur, ba cikin akwatin kariya mai zuƙe iska ba, don ba mu ga dalili ba. Gab da tashi na leƙa madubin ƙara girma na ga siffarsu, sai gabana ya faɗi. Burusela. Ita ce ƙwayar nan da ke kama shanu da awaki da tumaki, take shiga mutum ta ɗanyen nono ko taɓa jinin dabba, kuma tana sahun gaba cikin cututtukan da ma'aikatan ɗakin gwaji ke ɗauka a bakin aiki, domin shaƙarta ake yi ba tare da an sani ba.

Na rufe farantin, na mayar da shi na'urar ɗumama, na wanke hannu na tafi gida. A hanya na shirya wa kaina hujja mai daɗin ji: ai ba a tabbatar ba tukuna, kuma sakamakon mara lafiya amana ce, ba a yawo da ita. Da safe in gwajin tabbatarwa ya fito sai in faɗa. Abin da na ƙi kallo shi ne, in na buɗe baki dole in ce ni ne na fara buɗe farantin a kan tebur.

Mai aikin dare ta zo, ta ga faranti babu wata alamar gargaɗi a jikinsa, ta buɗe ta ci gaba da aiki yadda aka saba. Tana da ciki wata huɗu, ita kuwa wannan cuta tana iya zubar da ciki.

Da safe shugabarmu ta kira ni ofis. Na fara da abin da na haddace.

"Ranki ya daɗe, ban so in fitar da sirrin mara lafiya kafin a tabbatar ba ne."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Malam, sirrin wa ka rufa? Wa ya nemi sunan mutumin? Ka rubuta 'kada a buɗe sai a cikin akwati' ka manna a faranti, sunansa ya fita? Sunansa nasa ne, kai da kabari. Abin da ke cikin firjin can da yadda muke sarrafa shi, wannan na masu makulli ne. Amma labarin cewa akwai haɗari a ɗakin nan ba naka ba ne da za ka sa a aljihu ka tafi da shi gida. Na duk wanda yake numfashi a ɗakin ne."

Mu huɗu muka sha magani na mako uku, aka riƙa ɗibar jininmu ana dubawa har kusan wata shida. Mai cikin ba a ba ta irin namu ba, don ɗaya daga cikin magungunan bai halatta ga mai juna biyu ba, likitanta ya canja mata. Allah ya kiyaye, babu wanda ya kamu, ta kuma haihu lafiya. Daga baya muka ji cewa shi ma likitan ya yi zargin cutar tun farko, don mutumin fiɗa ce sana'arsa, amma bai rubuta ba. A ganinsa sana'ar mara lafiya ba ta shafi 'yan ɗakin gwaji ba. Mu biyu ke nan, kowa ya yi shiru da sunan riƙon amana.

Bayan wannan na koma karatun da na yi wa shigar sauri a makaranta, sai na ga abin da na yi a dare ɗaya gwamnatoci sun yi shi na shekaru. A watan Afrilun 1979 ƙwayoyin antaraks, wata cutar dabbobi mai kisa da ke kama mutane, suka fita daga wani wurin soja a birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet, aƙalla mutum 66 suka mutu. Hukuma ta ce gurɓataccen nama ne, aka bar kaza cikin gashinta har 1992 da shugaban Rasha Boris Yeltsin ya amsa cewa daga wurin sojan ne. Cutar SARS kuma, mai sarƙe numfashi, ta ɓulla a lardin Guangdong na Sin a Nuwamban 2002, amma sai a Fabrairun 2003 aka kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto. Kafin a shawo kanta ta kama mutum kusan 8,000, ta kashe 774, cikinsu har da Carlo Urbani, likitan nan ɗan Italiya da ya buga ƙararrawa daga birnin Hanoi.

Wannan ɗacin ne ya sa aka sake rubuta Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a 2007. Ƙasa tana da awa 48 ta auna abin da ya ɓulla, in ya kai mizani tana da awa 24 ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Cututtuka huɗu kuwa ko mutum ɗaya ne ya kamu sai an faɗa: agana, shan inna, sabon nau'in murar da ke kama mutane, da SARS. A cikin takardar dai sashe na 45 ya ce a kare bayanan mutum, kada a bayyana ko wane ne. Da na karanta sai na ji kamar shugabarmu ce ta rubuta.

Sai dai zan yi wa kaina da masu yin shiru adalci kaɗan, domin mai magana ba kullum ake gode masa ba. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona da aka sa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da jinkiri ba. Ladarsu ita ce cikin 'yan kwanaki Ingila da Amurka da Tarayyar Turai suka rufe wa matafiyan kudancin Afirka ƙofa. Daga baya aka samu nau'in a samfuran da aka ɗauka a Holan tun kafin sanarwar. Duk ministan da ya ga haka, gobe zai yi tunani sau biyu. Indonesiya ma a 2007 ta daina ba wa Hukumar Lafiya ta Duniya samfuran murar tsuntsaye, tana cewa ita ke bayarwa kyauta, kamfanoni su haɗa allura su sa mata kuɗin da ba za ta iya biya ba. Sai a 2011 aka cimma yarjejeniyar raba samfur tare da raba amfaninsa. Ban ga laifinta sosai ba.

Inda har yau kaina ke ɗaurewa shi ne bayanin da yake magani kuma yake makami. A ƙarshen 2011 wasu masana a Rotterdam da Wisconsin suka nuna cewa ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 tana iya sauyawa ta riƙa yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Wani kwamitin ba gwamnatin Amurka shawara ya nemi mujallun Science da Nature su buga sakamakon su cire yadda aka yi, a riƙa ba wa masu buƙata kaɗai. A baki abin ya yi kyau. Da aka zo aiwatarwa sai aka tsaya cak: wa zai tantance mai buƙata, da dokar wace ƙasa, ta wace hanya za a aika? Babu wanda ya tanadi amsa, a 2012 aka buga binciken gaba ɗaya. Ni dai da an tambaye ni, ina tare da masu cewa a ɓoye hanyar. Amma wanda bai gina rumbu ba tun da rani ba shi da bakin cewa a killace.

Mu ma rashin tanadin ne ya kusa cin mu. Yanzu a jikin ƙofar ɗakinmu akwai takarda ɗaya cikin leda: wanda za a fara kira in an yi zargi, wanda za a kira in bai ɗauka ba cikin minti goma, da abin da za a faɗa a waya, wato lambar samfur, abin da ake zargi, da waɗanda suka kasance a ɗakin. Ba a ambaton sunan mara lafiya, ba a tura hoton faranti ko takarda ta WhatsApp. An rubuta da jan biro a ƙasa cewa zargi ya isa, ba sai an tabbatar ba, kuma wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa ba za a hukunta shi ba. Wannan layin na ƙarshe ni na roƙi a saka. A takardar da likitoci ke cikewa ma an ƙara gurbin sana'a da mu'amala da dabbobi, ko da yake rabinsu har yanzu tsallake shi suke yi, sai mun bi su da waya.

Duk wata uku mukan gwada kiran da dare ba tare da sanarwa ba. A gwajin da ya wuce lamba ta biyu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ashe mai ita ya yi ritaya tun wata biyu da suka shige, babu wanda ya tuna ya cire takardar daga leda ya gyara.