Abin da na koya wajen duba laikin a jikin tsofaffin duwatsu

Na taɓa bin wata tawagar masu binciken kayan tarihi zuwa wani waje mai duwatsu da aka sassaƙa zane a jikinsu, ni aikina ɗaukar hoto da awon tabon nan da ke fitowa a kan dutse, wani fari-fari wani toka-toka wani ruwan lemo, wanda masana ke ce wa laikin. Abu ne mai rai fa, funfuna ce da gansakuka suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, gansakuka na haɗa abinci da hasken rana, funfuna kuma ta kama dutse ta riƙe danshi.

Sai da na sa madubin ƙara girma na ga yadda yake cin dutsen. Zaruruwan funfunar ne ke kutsawa cikin 'yan ƙofofin dutse, wani lokacin har milimita kaɗan, in an yi ruwa su kumbura in rana ta fito su tsuke, haka dai shekara da shekaru har tsakuwoyin saman su saki, ga kuma wani sinadari mai tsami, asid ɗin oksalik, da wasu irin laikin ke fitarwa wanda ke haɗuwa da sinadarin kalshiyam da ke cikin dutse, shi ya sa dutsen farar ƙasa ke jin jiki sosai. Manyan gumakan dutse da ake kira moai na tsibirin Ista da ke tekun Pasifik ma wannan matsalar suke fama da ita don dutsensu na tokar aman wuta ne, ba shi da ƙwari.

To amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wajen da wasu suka taɓa kankarewa da buroshin waya wai don zanen ya fito. Ya fi ko'ina lalacewa, bakin zanen duk ya goge, saboda laikin ba ya tashi shi kaɗai, da fatar dutsen yake tafiya, sannan wajen ya zama kaushi-kaushi sabo ya samu wurin kamawa. Inda ba a taɓa ba kuwa ɓawon ya ɗan kare dutsen daga dukan ruwa da iska. Dan Allah in ka je irin wuraren nan kar ka kankare komai, ko da farce.

Wani abin kuma, kankarewa na goge shekaru. Akwai irin da girmansa bai kai milimita 1 a shekara ba, tun wajen 1950 wani masanin tsirrai mai suna Roland Beschel ya nuna ana iya kimanta tsawon lokacin da dutse ya yi a fili daga faɗin tabon. Shi ya sa kowane hoto sai na ajiye rula a gefe, na rubuta ɓangaren da dutsen ke kallo, da ko tsuntsaye na sauka a kai, don mai ruwan lemon nan ya fi yawa inda kashin tsuntsu ke zuba.