An bar ƙwaya, sayayya ta maye gurbinta

Masu kula da waɗanda suka daina shaye-shaye sun san wannan. Wani lokaci bayan mutum ya rabu da tiramol ko kodin, sai ya koma sayen kaya ba ji ba gani: takalmi kan takalmi, sabuwar waya alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau, atamfa da leshi da ko wurin tela ba su je ba. 'Yan uwa su ce ai gara wannan. Gara ɗin ne, amma ciwon yana nan, ƙofa kawai ya sake.

Sinadarin dofamin da ke ƙwaƙwalwa ya fi tashi a lokacin ɗokin abu, kafin abin ya shigo hannu. Shi ya sa daɗin yake wurin zaɓen kaya da tura kuɗi. Kafin mai babur ya iso da saƙon zumuɗin ya kwanta, a cusa ledar ƙarƙashin gado ko buɗewa ba a yi ba. Don haka aikin shi ne ka sa tazara tsakanin sha'awar da kuɗin.

Fara da waya, don nan tarkon yake. Cire katinka daga duk manhajar da ta adana lambarsa. Toshe sitatus ɗin dillalan kaya a WhatsApp, ka daina bin shafukansu a Instagram. Rage iyakar abin da za ka iya turawa a rana daga asusunka. Manhajojin bashi kuwa a goge su gaba ɗaya, su ne ke mayar da ƙaramar ɓaraka rami. Katin banki ka damƙa wa wanda ka amince da shi, ya riƙa ba ka kuɗin mako a hannu. Ƙirga takardar naira da yatsa yana da zafin da danna waya ba shi da shi.

Duk abin da ba abinci ko magani ba, ka rubuta shi a littafi da farashinsa, ka jira awa 48. In sha'awar ta taso da ƙarfi, ba ta minti 20 zuwa 30, yawanci takan lafa da kanta. Ka tashi daga inda kake, ka yi alwala, ka zaga unguwa. A littafin kuma ka riƙa sa lokacin da ta taso da halin da kake ciki: yunwa, fushi, kaɗaici ko gajiya. Cikin mako biyu za ka ga inda take ɓullowa, sau da yawa bayan isha'i ne ko ranar albashi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rantsuwar "ba zan ƙara sayen komai ba". Ba ta daɗewa, kuma ranar da ta karye sai mutum ya ce tunda an ɓata a ƙarasa. Ka ware ɗan abin marmari a kasafin wata. Bashin da ke kanka ma ka jera shi duka a takarda, har na adashi, ka nuna wa mutum ɗaya, domin ɓoyo ne ke ciyar da ɗabi'ar.

Idan kashe kuɗin ya zo tare da kwana biyu ko uku ba barci, yawan surutu da jin babu wanda ya kai ka, wannan ya wuce batun kasafi. Yana iya zama ciwon sauyin yanayin rai mai hawa da sauka, kuma likitan ƙwaƙwalwa ne zai tantance, a asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano. Haka wanda ke shan maganin pramipexole saboda ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki ya sanar da likitansa, domin maganin yana iya jawo yawan sayayya da caca, amma kada ya daina sha da kansa.