Shirin Hunturu a Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi

Hunturu yana da lokacinsa sananne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris iska takan juyo daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a kan Damagaram da Katsina da Kano da Maiduguri har ta dangana da bakin teku. A tsakiyar Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a Kano yakan sauka kusa da digiri 12 da asuba, a Jos kuwa yakan yi ƙasa da 10, sannan da rana ya sake haurawa zuwa wajen 30. Wanda ya zauna a ƙasashen ƙanƙara zai ga wannan sanyi ƙarami ne, amma gidajenmu an gina su ne don gudun zafi, da rufin kwano da tagogi marasa gilashi da tsakar gida a buɗe, shi ya sa sanyin da bai kai ya kawo ba yake ratsa mu har ƙashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ja farashin itace da gawayi da gas ya yi sama, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai isa ya ciyar da gida mai mutum bakwai ba, balle ya saya wa kowa bargo. Saboda haka tilas magidanci ya san abin da zai fara da shi da abin da zai jinkirta.

A ganina, ɗumin da ya fi kowanne araha shi ne wanda jikin mutum yake samarwa da kansa, in dai an hana iska kwashe shi. Don haka aikin farko ba ya bukatar zuwa kasuwa. Mutum ya zaga ɗakunansa da yamma lokacin da iska ta fara kaɗawa, ya sa hannu a gefen taga da ƙarƙashin ƙofa da inda kwano ya haɗu da bango, zai ji ta inda sanyi yake shigowa. Tagar da ke fuskantar gabas ko arewa ita ce babbar kafa, kuma tsohon buhun shinkafa da aka wanke, ko kwali mai kauri da aka liƙa daga ciki, yana tare iska da ƙura gaba ɗaya. Ƙarƙashin ƙofa kuwa tsohon zane da aka naɗe ya wadatar. Idan ƙofar ɗaki tana kallon tsakar gida, labule mai nauyi ko asabari yana rage abin da ke kutsowa duk lokacin da yara suka shiga suka fita. Gidan da katangarsa ta zube a damina, ko wanda danga ce ta kewaye shi, ya kamata a gyara ɓangaren gabas da sabon zana ko karan dawa tun ana cikin kaka, lokacin da kara yake zube a gonaki ba a fara sa masa kuɗi mai yawa ba. Amma kada a toshe komai ɗungurungum. A bar wata 'yar kafa ta sama a ɓangaren yamma ko kudu, domin ɗakin da mutum biyar suke kwana a ciki yana bukatar iska ta riƙa sauyawa.

Mutane da yawa suna mantawa da ƙasa. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kansa fiye da yadda iskar ɗaki take yi, shi ya sa yaron da aka lulluɓe da mayafi biyu a kan tabarmar roba zai kwana yana makyarkyata, alhali wanda aka shimfiɗa wa kwali biyu a ƙarƙashin tabarmar kaba zai yi barcinsa da mayafi ɗaya. Kwalayen da masu shaguna suke zubarwa suna da wannan amfani, haka ma buhunan da aka ɗinke aka cusa musu tsummokara. Duk gidan da har yanzu yake da ɗakin soro na ƙasa, to ya san yana da dukiya a wannan lokaci, domin bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, abin da bulo da kwano ba sa yi. A irin wannan ɗaki ya kamata tsofaffi da ƙananan yara su kwana har sanyi ya wuce, ko da kuwa a sauran watanni kayan ajiya ne a ciki.

Sai a zo ga abin da sai an fitar da kuɗi. Kayan sanyi suna da farashi biyu, na Oktoba da na ƙarshen Disamba, kuma duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan gwanjo a Kofar Wambai bayan jaura ta sauka ya san bambancin. Tun ran gini ran zane: wanda ya ɗauki adashinsa a farkon kaka ya sayi rigunan sanyi lokacin da dillalai ba su da masu saye, ya tsira da kuɗin da zai ƙara bargo. Ban ga abin kunya a gwanjo ba, matuƙar an wanke shi da ruwan zafi da sabulu an shanya a rana kafin a sa. Ga yara, a sayi rigar da ta ɗan fi su girma domin ta kai baɗi, ta kuma sauka ga ƙanne. Riguna biyu ko uku marasa kauri da aka ɗora a kan juna sun fi ƙatuwar riga guda ɗumi, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsu ita ce take riƙe zafin jiki, kuma da hantsi yaro zai iya cire ɗaya ba tare da ya zauna tsirara ba. Hular sanyi da safa su ne mafi araha a cikin kayan, su ne kuma suka fi yi wa jariri amfani.

Idan kuɗin bai isa kowa ba, kuma sau da yawa ba ya isa, to rabon yana da tsari. Jariri sabon haihuwa shi ne na farko, domin jikinsa bai iya riƙe zafi ba. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a jinkirta wankansa na farko har sai ya kwana ɗaya, a riƙa manna shi a ƙirjin mahaifiyarsa fata da fata a lulluɓe su tare, musamman bakwaini. Na biyu shi ne mai cutar sikila, wanda sanyi da ƙarancin ruwa a jiki sukan tayar masa da ciwon ƙashi mai tsanani, kuma kwana ɗaya a asibiti zai cinye kuɗin barguna da yawa. Sai tsofaffi, sai masu asma, waɗanda ya kamata a tabbatar maganin shaƙarsu yana nan kafin hazo ya rufe gari. Magidanci lafiyayye da samarin gida su ne na ƙarshe, kuma na san wannan magana ba ta yi wa kowa daɗi.

Batun da ya fi damuna shi ne kaskon wuta. Al'adarmu ce ta tun kaka da kakanni a zuba garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki, kuma a ɗakin da yake na bunu ko mai ƙofar asabari iska tana fita ta ko'ina. Ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da aka toshe tagoginsa wani abu ne daban. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, tana kuma kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau sama da 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, wato abubuwan da mai barci ba zai farka saboda su ba. Babu shekarar da hunturu zai wuce ba a ji labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar da su a kwance ba, sai a ce wai aljanu ne ko guba aka sa musu a abinci. Hayaƙin janareto da aka shigar da shi baranda ko zaure don tsoron ɓarayi shi ma wannan gubar yake ɗauke da ita. Wanda yake son ɗumama ɗaki da garwashi ya bari ya ruru sosai a waje, ya shiga da shi na ɗan lokaci ƙofa a buɗe, sannan ya fitar da shi ya kashe kafin kowa ya kwanta. Abin da ya fi wannan aminci shi ne a cika jarka ƙarama mai murfi mai kyau da ruwan ɗumi, a naɗe ta da zane a sa a ƙarƙashin bargo wajen ƙafafu, amma ba a jikin jariri ba. Idan kuwa aka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai tare, a fitar da su sarari nan take a nufi asibiti.

Gobara ita ce 'yar'uwar wannan haɗari. A hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, komai ya bushe ƙayau, ga iska tana hura duk tartsatsin da ya tashi. 'Yan kasuwar Sabon Gari ta Kano ba su manta da gobarar Maris 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna. A cikin gida kuwa, mafi yawan abin da ke jawo ta ƙananan abubuwa ne: hitar dafa ruwa da aka jona aka manta da ita lokacin da aka ɗauke wuta, sai a dawo da wutar ba kowa a ɗakin, kyandir ko maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa, fetur da aka ajiye a galan cikin ɗakin kwana, yara da aka bari suna jin ɗumi su kaɗai da zannuwa a jikinsu. Bokitin yashi a bakin madafa ba ya cin ko kwabo, kuma yana da kyau kowane babba a gidan ya riƙe lambar kiran gaggawa ta 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa.

Makamashi kuwa, kaso mai yawa na abin da ake ƙonawa a wannan lokaci ruwan wanka ne yake cinye shi, alhali rana tana nan kyauta. Jarka mai duhun launi da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi, zuwa azahar ruwanta ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka, kuma wankan azahar ya fi musu lafiya a kan na sassafe. Na alwalar asuba, fulas ɗaya da aka cika da ragowar wutar tuwon dare ya ishi tsofaffin gida su surka. Wake da aka jiƙa tun dare ba ya cin itace kamar busasshe, tukunya mai murfi ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa, kuma murhun da aka kewaye da bulo ko laka ta ɓangaren da iska take bugowa yana riƙe wutarsa a gindin tukunya. Akwai wata dabara da na ga ta yi amfani ƙwarai: idan shinkafa ko wake ya tafasa na wasu mintoci, sai a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando, za ta ƙarasa nuna da zafin da ta riga ta ɗauka.

Sa'ar da muka yi ita ce hunturu yana biyo bayan kaka ne, lokacin da gero da dawa da masara da gyaɗa suke kan mafi sauƙin farashinsu a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Wanda ya iya sayen ko da kwano goma na gero a lokacin ya tanadi kunu da koko na safiyar sanyi, kuma yaron da ya sha kunu mai zafi da citta kafin ya fita makaranta ya fi jure iskar hanya. Daga Janairu kuma tumatir da tattasai da albasa na noman rani sukan cika kasuwa daga Kadawa da Kura, kuma busasshiyar iskar da muke kuka da ita ita ce ta fi dacewa da shanya su don ajiyar bazara, in an rufe su da yadi mai shara-shara saboda ƙura.

Fata da hanci su ma suna da haƙƙinsu. Man kaɗanya yana riƙe danshi sosai, kuma curi ɗaya yana kai gida nesa idan ana shafa shi bayan wanka jiki bai gama bushewa ba. Faso a diddige yana farawa ne daga kaushin da aka ƙyale, kuma ga mai ciwon sukari tsagewar ƙafa tana iya zama gyambo. Saboda ba a jin ƙishirwa a sanyi, mutane sukan rage shan ruwa, alhali busasshiyar iska tana zuƙe shi daga jiki ba tare da gumi ba. Wannan ne yake kawo haɓo da bushewar maƙogwaro ga yara. Takunkumin yadi da ake wankewa yana rage ƙurar da ake shaƙa a ranakun da hukumar kula da yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin hazo, kuma yayyafa ruwa kafin shara yana hana ƙurar tsakar gida komawa cikin ƙirjin mai sharar.

Ƙurar nan da bushewar hanci su ne suke buɗe wa sanƙarau hanya, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da cutar take yawan ɓarkewa, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Waɗanda suka yi wayo a 1996 suna tuna yadda annobar ta ɗebi dubban rayuka a arewacin Najeriya. Cutar takan fara bayyana ne a cikin sanyi ta tsananta idan zafi ya shigo, kuma cunkoso a rufaffen ɗaki yana taimaka mata yaɗuwa. Saboda haka kwalayen da aka liƙa a taga a Disamba ya kamata a ɓalle su da zarar dare ya fara ɗumi a ƙarshen Fabrairu, kuma ko a tsakiyar sanyin a riƙa buɗe ɗaki da rana ana fitar da shimfiɗa tana shan hantsi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma allurar rigakafin yara a asibitocin gwamnati kyauta ce. A duba katin kowane yaro tun yanzu, kuma duk wanda ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya gwada maganin kemis.