Yau kwana tara ban tsinci talibambam ko ɗaya a cikin famfo ba

Jama'a barkanmu da war haka. Na kwana biyu ban kawo muku labarin ɗan tafkina ba, kuma ba komai ya hana ni ba sai ɓacin rai, don abin da na gani ranar da na fara buɗe famfon da ke zagaya da ruwan tafkin ya tsaya min a rai sosai. Yau kam da safe na duba, kwana tara ke nan a jere babu talibambam ko ɗaya da ya maƙale a cikinsa, shi ne na ce bari in zauna in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Tafkin nawa lita 1,200 ne ko ƙasa da haka kaɗan, babu kifi a ciki, kwaɗi ne da dodon koɗi da 'ya'yan mazari da sauran ƙananan ƙwarin ruwa da suka zo da kansu. Kuskurena na farko shi ne na bi lissafin masu kiwon kifi, wai ruwan ya zagaya gaba ɗaya duk awa ɗaya ko biyu, sai na je na sayo famfon da ma ya zarce hakan, mai jan lita 2,000 a awa, irin wanda aka yi shi don ya haɗiye datti ya tura wa filta, wato abin tace ruwa. To ai irin wannan da gangan ake buɗa ramukan kejinsa, nawa sun kai milimita 8. Talibambam ɗin da bai daɗe da fashewa daga ƙwai ba kuwa siriri ne kamar zare, iyo ma bai iya sosai ba, yawanci yana manne ne jikin ganye. Da na ji ƙarar famfon ta canza na ciro shi na kwance murfin farfela, wallahi abin da na tarar ba na so in bayyana shi duka. Na ƙirga goma sha ɗaya da zan iya ganewa, sauran sun riga sun dagargaje. Ranar ko aiki ban iya yi da kyau ba, ni na haƙa wa kwaɗin wurin, suka amince suka zo suka yi ƙwai, ni kuma na saka abin da ke niƙa musu 'ya'ya.

Daga nan ne fa na shiga wahalar soso. Na ɗaura soso mai manyan ƙofofi a bakin famfon, ruwa na wucewa lafiya amma ƙanana suna kutsawa ciki su maƙale a tsakiya. Na canza mai ƙananan ƙofofi, babu mai shiga, amma cikin kwana biyu gansakuka da laka sun toshe shi, sosan ya motse kamar an matse shi da hannu, ruwan da ke fita ya koma ɗigo, famfo yana ta gurnani. Kuma abin da ya fi ba ni takaici, idan sosan ya toshe rabi, sauran ɗan wurin da ya rage shi ke jan ruwan duka, sai ƙarfin zuƙa ya taru a nan, ka zo ka ga talibambam a manne a jikin sosan daga waje, bai shiga ba amma ya kasa ɓanɓare kansa. Sau uku ina sayen soso daban daban, ga kuɗin famfon da ya riga ya tafi, abin ya ci min aljihu ba kaɗan ba.

Sai da na zauna da biro da takarda tukuna na gane ba girman rami kaɗai ne matsalar ba, faɗin wurin da ruwa ke shiga ne. Lita 2,000 a awa ya kama wajen rabin lita da ɗoriya a kowace daƙiƙa. In duk wannan zai bi ta wuri mai faɗin tafin hannu dole ya ja da ƙarfi, amma in ka raba shi a jikin abu mai girman bokiti, ruwan ɗaya ne yake shiga amma a hankali, har ka sa hannu ba za ka ji yana ja ba. Abu mai sauƙi haka ya ɗauke ni sati uku.

Abin da na yi, na samo babban kwandon roba irin na dasa shukar ruwa, na lulluɓe shi ciki da waje da raga mai ƙananan idanu, wajen milimita 1, na ɗinke bakin da zaren nailan don kar a samu kafa ko ɗaya, har inda tiyo da waya suka fito sai da na ɗaure tamau. Na ajiye babban famfon gefe na sa ƙarami mai jan lita 600 a awa a cikin kwandon, mai aiki da volt 12, don hankalina ya fi kwanciya da shi tunda kullum hannuna yana cikin ruwan. Sannan na ɗora kwandon a kan bulo biyu. Wannan ɗin ku lura da shi don Allah, kar ku ajiye famfo a ƙasan tafki kai tsaye, a cikin lakar nan 'ya'yan mazari suke zama, wasu watanni wasu har fiye da shekara kafin su fito su yi fiffike, kuma lakar ita ce ke saurin toshe raga.

Maganar filta kuma na cire akwatin da nake da shi mai fitilar UV, wato fitilar da ruwa ke bi ta jikinta haskenta ya kashe ƙananan halittu, gaba ɗaya. Eh tana kashe koren da ke yawo cikin ruwa, ruwa ya yi garau, amma koren nan shi ne abincin ƙananan halittun da in ka ɗebi ruwa a kofin gilashi za ka ga suna tsalle tsalle kamar ƙuma, su kuma su ne abincin na sama da su. Yanzu ruwan yana hawa ne ta ƙarƙashin wani ɗan kwami da na cika da tsakuwa na dasa ciyayin ruwa, ya ratso ta saiwoyi ya gangaro a hankali ta gefe ɗaya. Ɓangaren da bado yake ban bari ruwa ya motsa ba sam, bado ba ya son ana watsa masa ruwa a ganye, kwaɗin ma a wurin da ya lafa suka fi taruwa. Ruwan bai kai hasken da yake yi da ba, yana da ɗan launin shayi, ni dai ya yi min.

In za ku wanke raga ko soso, ku yi a cikin bokiti da ruwan tafkin, ba ruwan da aka sa wa kulorin ba, sannan ku bar bokitin ya kwanta ku duba da kyau kafin ku zubar. Jiya kaɗai na mayar da ƙananan dodon koɗi bakwai da ɗan mazari ɗaya daga ƙasan bokiti.

Abin da ya rage min shi ne gwada tura ruwa da iska, wato a sa injin iska a waje, kumfa ta riƙa ɗaga ruwa a cikin fayif, babu farfela a ruwa kwata kwata. Na haɗa na gwaji da fayif mai faɗin inci ɗaya da rabi amma ya kasa kai ruwan bakin kwamin tsakuwar, tafkin nawa ba shi da zurfin da zai ba shi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yin sa a tafki mara zurfi ya taimaka ya faɗa min tsawon fayif ɗin da ya nutsar a ruwa. Talibambam ɗin kuma manyan cikinsu sun fara fitar da ƙafafun baya, ɗazu na ga uku suna kiwo a jikin ragar kwandon, suna cin gansakukar da ta fito a kai, suka gama suka yi gaba abinsu.