A ɗebe na goyo kafin a zuba gishiri

Yaron da bai cika shekara ba, gishirin da ya kamata ya shiga cikinsa a yini bai kai giram 1 ba. Haka hukumar lafiya ta Ingila take gaya wa iyaye, haka kuma ma'aikaciyar jinya ta gaya mana ranar awo. Cokalin shayi shafe yana ɗaukar wajen giram 5, to ki raba shi biyar ki ga abin da ake magana a kai. Wannan ɗan kason ma ba cewa aka yi ki barbaɗa masa ba. Nonon da yake sha ya riga ya kawo masa mai yawa daga ciki, sauran kuma yana cikin abincin da kansa, irin su ƙwai da kifi da nama. Dalilin kuwa ƙoda ce. Ta jariri ba ta yi ƙwarin da za ta tace gishiri mai yawa ta fitar da shi a fitsari ba.

A gidanmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma miyar da za ta gamsar da magidanta ita ake lakato wa yaro a yatsa. Da autana ya cika wata shida ya fara cin abinci, sai na nemi wani ɗan kwanon silba mai murfi. Idan kuɓewa ta nuna, ta yi yauƙi, kafin hannuna ya kai kan gishiri da dunƙule sai in ɗebi ludayi guda in rufe. In tuwo ya sauka in gutsuro mai laushi in dama masa a ciki. Aikin ke nan gaba ɗaya, ba wata tukunya ta biyu.

Ranar da Hajiya, surukata, ta ɗanɗana sai ta yamutsa fuska. "Ke 'yar nan, wannan lamin za ki ɗura wa bawan Allah? Ko majinyaci ai akan sa masa ɗan gishiri."

Na ce, "Hajiya, a asibiti ne suka ce a dakata masa sai ya shekara."

Ta ce to maƙoƙo fa, ba an ce gishirin leda ke hana shi ba? Tambayarta tana kan hanya, domin gishirin da ake sayarwa a leda an sa masa sinadarin aidin. Sai dai mai shayarwa idan ta ci a abincinta, yaro yana samu ta nono. Batun lami kuma, harshenmu ne ya saba. Wanda bai san komai ba sai nono, zaƙin kabewa da ɗanɗanon dankalin Hausa sun ishe shi, kuma abin da aka saba masa da shi yanzu shi zai riƙa nema idan ya girma. Ga hawan jini ya yi yawa a cikinmu, ban ga dalilin fara masa tun yana goye ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai cewa, "Ni ban sa gishiri ba, magi kawai na sa." Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi ma akwai sodiyam a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin gishiri wanda ƙodar ke fama da shi. Haka kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da ya yi wa babbar mace nauyi, ina ga ɗan wata bakwai? Sai taliyar leda da ƙullin garinta, da kilishi, da biskit, da kifin da aka busar da gishiri. Biredi ma yana da nasa, ɗan gutsure ya isa.

Ɗanɗano ba ya gagara. Albasa, ɗan manja, garin busasshen kifi marar gishiri da aka tace ƙayarsa, ɗan daddawa idan kin tabbata ba a sa mata gishiri ba. Faten wake da aka surfe, da alayyahu ko zogale, autana har kwanon yake kamawa. Bayan shekara ɗaya zuwa uku iyakar ta koma giram 2, don haka ko a lokacin da sauƙi-sauƙi ake shigar da shi tukunyar gida. Mu manya ma Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce.

Akwai inda gishiri yake zama magani ga jariri: gudawa. Kada wata ta karanta wannan ta hana ɗanta ruwan gishiri da sukari, domin yana ceton rai. Amma a bi awo. Ƙullin ORS guda a lita 1 na tsabtataccen ruwa, ko yadda aka rubuta a jikin ledar, kada a rage ruwan don wai ya fi ƙarfi. In a gida za a haɗa, sukari cokalin shayi 6 shafe, gishiri rabin cokalin shayi shafe, a lita 1. A ci gaba da ba shi nono, kuma idan ya ƙi sha, ko idanunsa suka faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.