Ina gigabait ɗin suka shige?

Aikin kula da kwamfutocin ofis ya nuna mini cewa da zarar mutum ya ga layin faifan C (babbar ma'ajiyar kwamfuta) ya koma ja, alamar ya kusa cika, takardunsa yake fara far wa. Sai ya zauna yana goge wasiƙu da rahotannin bara ɗaya bayan ɗaya, ya gama ya duba, jan layin yana nan daram. Takardar Word mai shafi ashirin da wuya ta kai megabait ɗaya in babu hotuna a cikinta, gigabait ɗaya kuwa megabait dubu ne da ɗoriya. Ko takardu ɗari biyar ka goge, ba su kama ƙafar dogon bidiyo guda da aka ɗauka da waya ba.

Shi ya sa ba na barin a taɓa komai sai an auna. Akwai ƙananan manhajoji irin su WinDirStat da WizTree da ke zana faifan gaba ɗaya, kowane fayil da akwatinsa gwargwadon girmansa. Kana buɗewa masu cin wurin za su bayyana, kuma galibi 'yan kaɗan ne: bidiyoyi, tsofaffin fayilolin girka manhaja da aka manta a foldar Downloads, sai wasu da mai kwamfutar bai taɓa jin sunansu ba.

Wani wurin ma tun ran farko babu shi. Masu ƙera faifai suna lissafa gigabait a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuwa da 1024 take ninkawa a kowane mataki, nata gigabait ɗin bait 1,073,741,824 ne. Don haka faifan da aka rubuta gigabait 500 a kwalinsa zai nuna kusan 465, mai terabait ɗaya kuma 931. Na sha ganin wanda ya rantse an cuce shi, alhali mudu ne kawai ya bambanta.

Ɓoyayyun su suka fi ba ni aiki. Bayan babbar sabuntawa, Windows takan ajiye tsohon tsarinta a foldar Windows.old don wanda zai so komawa baya. Foldar takan haura gigabait goma, kuma bayan kwana 10 Windows da kanta take share ta. Akwai kuma hiberfil.sys, inda kwamfuta ke juye abin da ke cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta ta wucin gadi, idan za ta yi dogon barci (hibernate). Girmansa kusan kashi 40 cikin ɗari na RAM ne, wato mai RAM gigabait 16 ya yi asarar sama da shida. Umarnin powercfg /h off yana kawar da shi, amma da shi dogon barcin zai tafi, har da saurin tashin da kwamfutar ke yi. A kwamfutar tebur nakan cire shi ba tare da wani tunani ba. A laptop nakan bar shi, domin shi ke ceton aikin mutum idan batir ya kusa mutuwa.

Foldar WinSxS kuwa, inda Windows ke ajiye sassan tsarinta, kada hannu ya je kanta. Girman da take nunawa ma ya fi na gaskiya, saboda fayiloli da yawa a cikinta su ne dai waɗanda ke wasu foldojin, ana ƙirga su sau biyu. Wanda ya goge ta da hannu yana iya wayar gari kwamfutar ta ƙi tashi. Disk Cleanup ko Storage Sense, kayan sharar da ke cikin Windows, ake bari su rage ta, su suka san abin da ya tsufa.

Sauran ƙanana ne. Fayil ɗin da ke kwandon shara har yanzu yana cin wurinsa sai an zazzage kwandon. Goge alamar manhaja daga fuskar kwamfuta ba ya cire manhajar. Difrag kuma jera fayiloli yake yi, ba ya ƙara ko bait ɗaya.

Inda nake ɗaga murya shi ne OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Mutum zai ce ai hotunansa suna can a intanet, bari ya goge na kwamfuta. Idan foldar a haɗe take, gogewar har can take bi. Zaɓin Free up space ake dannawa: ya cire kwafin da ke faifai, ya bar na intanet.

Akwai kuma kwamfutar da shara ba ta magance mata komai. Windows 11 sai da faifai mai aƙalla gigabait 64 take yarda a girka ta, ga manhajojin aiki, ga sabuntawa da ke neman wurin sauka. SSD kuma, wato faifan zamani mai sauri, idan ya cika maƙil saurin rubutunsa raguwa yake yi. Mai faifan gigabait 128 da ke aikin bidiyo, ko an share masa yau, wata mai zuwa zai dawo. Irin wannan nakan ce masa ya kwashe bidiyoyin zuwa faifan waje, ko a sa masa babban SSD in kwamfutar tana karɓar canji.