M16 da AR-15: kamannin ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne

Wani abokina ya turo min hoto a WhatsApp, wani Ba'amurke ne riƙe da baƙar bindiga a filin koyon harbi, ya rubuta min wai "ka ga ƙasar da farar hula ke yawo da bindigar soja". Na ce masa malam wannan ba M16 ba ce AR-15 ce, ya ce ai duk ɗaya ne, muka yi ta ja har dare. Kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, don in ka jera su a tebur daga nesa sai wanda ya san harkar sosai zai bambance.

Asalinsu ɗaya ne kam. Eugene Stoner ne ya zana ta a kamfanin ArmaLite, AR ɗin ma daga sunan kamfanin ya fito. A 1959 suka sayar wa Colt da zanen, sojan Amurka suka karɓe ta suka sa mata M16, shi kuma Colt a 1964 ya fara sayar wa farar hula tasu da sunan AR-15.

To ina bambancin? Akwai wani ɗan maɓalli a gefe, daidai inda babban yatsa ke kaiwa. A ta farar hula matsayi biyu gare shi, ko a kulle ko a harba, kuma duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne zai fita, sai ka saki ka sake ja. Ta soja tana da matsayi na uku, wanda in ka danne kunamar za ta yi ta zuba har magazin ɗin, wato gidan harsashi, ya ƙare, ko kuma ta fitar da uku a jere ta tsaya kamar yadda aka yi wa M16A2. Kayan cikin da ke yin wannan aikin babu su a ta farar hula, da gangan aka cire, kuma tun 1986 dokar Amurka ta hana yi wa sabuwar bindiga mai sarrafa kanta rajista da sunan farar hula, shi yasa tsofaffin da aka yi wa rajista kafin nan suka yi tsadar hauka.

Sai tsawon bututun. Bututun M4, gajeriyar 'yar'uwar M16 da sojansu ke riƙewa yanzu, inci 14.5 ne, amma wata doka ta 1934, da gyaran da aka yi mata daga baya, ta sa duk wadda ta gaza inci 16 sai da takarda ta musamman, don haka yawancin na kasuwa 16 ake yi musu. Inci ɗaya da rabi fa, a kan wannan kaɗai mutum zai iya kwana a kurkuku.

Ba Amurka kaɗai ke fitar da ta farar hula daga ta soja ba, Rashawa ma sun ɗauki tsarin Kalashnikov suka yi Saiga don mafarauta, Jamusawa suka fitar da HK91 daga G3, a Amurka ma M14 ta soja ta haifi M1A. Abin da ya ban mamaki shi ne L1A1 ta sojan Birtaniya, ita bindigar soja ce cikakkiya amma ɗaya-ɗaya take harbi, don manyansu sun ga ɓarin harsashi ne kawai a bar soja ya yi ta feshi.

A nan ne ni da abokina muka ɗan haɗu. Na ce masa ni ma ba na yarda da masu cewa ta farar hula abin wasa ce, harsashin kusan iri ɗaya ne, .223 na farar hula da 5.56 na soja, magazin mai cin 30 yana shiga dukkansu, kuma sojan ma mafi yawan lokaci ɗaya-ɗaya ake koya masa ya harba don ya samu saiti. Ya ce to ashe dai shi ke da gaskiya. Na ce a'a, ka dai koma ka duba maɓallin nan a hoton, ya ce hoton bai fito sosai ba.